Awa Guda a Cikin Maganaɗisu: Yadda Aka Auna Ƙarfin Tsokar Ƙafata

Tun ina ɗan shekara takwas mutanen gidanmu a Daura suka tsayar da magana a kan cewa ni rago ne, kuma har yau ban ga laifinsu ba, domin abin da ido ya nuna masu ke nan. Idan damina ta sauka muka fita noman farko tare da Baba da yayyena, ba na kai ƙarshen kunya guda sai yatsuna su ƙage a jikin ƙotar fartanya, cinyoyina su yi nauyi kamar an ɗaura masu dutsen niƙa, zuciyata kuma ta riƙa harbawa har ina jin bugunta a cikin kunne. Dole in tsaya. Abin da ya ƙara ɓata mini suna shi ne, idan na zauna a gindin tsamiya na 'yan mintoci sannan na koma a hankali, sai in yi ta aiki har hantsi ya dubi ludayi ba tare da wata wahala ba, saboda haka kowa ya ɗauka tsayawar farko ƙiwa ce, komawar kuma tsoron faɗan Baba ne. A makaranta ma an san ni da zubewa a zagayen farko na gudu, kuma na sha bulala a kan haka.

Sau ɗaya abin ya wuce gajiya. Wata kaka, ina da shekara goma sha bakwai, na dage sai na nuna wa yayyena cewa ni ma namiji ne, na taya su loda buhunan gero a amalanke har la'asar. Da dare bayana da cinyoyina suka kumbura suka sandare, washegari kuma fitsarina ya fito kamar ruwan zoɓon da ya kwana a jiƙe. An kai ni wani asibiti aka yi mini ƙarin ruwa, aka ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata gwaggona ta ce shawara ce, wata ta ce a nema mini tsari. Bayan mako guda na miƙe, maganar ta wuce, sunan ragon kuma ya zauna daram.

Shekaru bayan haka na samu tallafin karatu na tafi Ingila yin digiri na biyu a kimiyyar ƙasar noma. Binciken da nake yi ya shafi fosfaras ne, wato sinadarin da ke cikin takin supa da manomanmu ke zuba wa gyaɗa, wanda harafin P na jikin buhun NPK yake nufi, kuma wanda ƙasar gonakinmu na arewa take yawan fama da ƙarancinsa. A can ne ƙafafuna suka ƙage wata rana a kan matakalar tashar jirgin ƙasa, har na kasa hawa na kasa sauka, sai na je wurin likita. Da aka ɗebi jinina aka tarar wani sinadari mai suna kiriyatin kainas, wanda yake tsiyayowa cikin jini idan tsoka tana samun rauni, ya ninka iyakarsa sau da yawa, alhali ban yi wani aikin ƙarfi ba a wannan makon. Daga nan aka tura ni wurin wata ƙwararriyar likitar jijiya da tsoka. Ita ce ta farko a rayuwata da ta tambaye ni ko ƙarfina yakan dawo idan na huta kaɗan na ci gaba a hankali, kuma da na amsa mata cewa haka nake tun ƙuruciya, sai ta ajiye biro ta dube ni da kyau. Ta ce tana zargin wata cuta ta gado, za a aika jinina a binciki ƙwayoyin halitta, amma sakamakon yakan ɗauki makonni. Kafin ya fito, in na yarda, akwai masu bincike a jami'a da suke auna yadda tsoka take kashe makamashinta a daidai lokacin da take aiki, ta hanyar sauraren fosfaras ɗin da ke cikinta da na'urar MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai ƙaton maganaɗisu da rami a tsakiya inda mutum yake kwanciya. Ban yi dogon tunani ba na sa hannu.

Takardar da suka aiko mini ta hana ni aikin ƙarfi kwana guda kafin ranar, ta kuma hana ni shayi da kofi da safe. Na buga waya na tambaya ko goro yana cikin abin da aka hana, domin wani ɗan'uwa ya kawo mini tsarabarsa. Da na bayyana masu ko mene ne, suka ce in bar shi, tunda sinadarin da yake hana barci a cikin kofi yana cikinsa. Da na isa, jami'ar da ke kula da na'urar ta bi ni da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: ko an taɓa sa mini ƙarfe a jiki wajen tiyata, ko ina ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya, ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa mini a ido a wurin walda ko wasa wuƙa. Na cire agogo da bel da zoben azurfa, na ajiye waya da katin banki a akwati, aka ba ni gajeren wando na asibiti. Ta gaya mini cewa ba a kashe maganaɗisun dare da rana, domin wayar da ke ɗauke da wutarsa tana nutse ne a cikin ruwan hiliyam mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Ƙarfinsa tesla 3 ne, wato ya ninka maganaɗisun duniya, wannan da yake juya allurar na'urar neman alƙibla, kimanin sau 60,000, kuma zai iya fizge makulli daga hannun mutum ya harba shi cikin ramin.

Na kwanta rigingine, ƙafafu suka fara shiga, kaina ya tsaya a bakin ramin ina kallon rufin ɗaki. An ɗaure tafin ƙafata ta dama a kan wani matakin roba mai kama da na keken ɗinki, wanda babu baƙin ƙarfe ko kaɗan a jikinsa, aka ɗaure gwiwata don kada ta motsa, sannan aka cusa wani abu mai faɗi kamar ƙaramin faifai a ƙarƙashin sha-raɓata, aka matse shi da maɗauri har ya manne da fata. Likitar ta ce sun rage nauyin matakin da gangan, kuma ba za su ɗaure cinyata don tsayar da jini ba kamar yadda ake yi a wasu gwaje-gwajen, domin ga mai irin cutar da take zargi hakan yana iya sandarar da tsoka ya raunata ta. Aka toshe mini kunne, aka damƙa mini wata 'yar ƙwallon roba da zan matsa idan ina son a tsaya.

Wannan faifan shi ne zuciyar aikin. Hoton MRI da muka saba ji yana sauraren haidirojin ne, wanda ya cika ruwa da kitsen jiki. A cikin maganaɗisu mai tesla 3, haidirojin yana amsawa a kan zangon rediyo na kusan megahaz 128, sama da inda tashoshin FM suke, shi kuwa fosfaras yana amsawa a kusan megahaz 52, ƙasa da su. Faifan yana aika ɗan gajeren bugun rediyo a kan wannan zango, ƙwayoyin fosfaras su karkata, kuma yayin da suke komawa yadda suke sai su mayar da amsa, faifan ya kama. Amsar tana da rauni ƙwarai, domin fosfaras ɗin da ke tsoka bai kai ko kusa da yawan ruwan da ke cikinta ba, shi ya sa dole faifan ya manne da naman da ake son ji. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, fosfaras ba ya amsawa da murya guda. Kamar yadda kalangu yake sauya amo idan makaɗi ya matsa tsirkiya a hammatarsa ko ya sassauta, alhali fatar ita ce dai, haka muryar fosfaras take ɗan hawa ko sauka gwargwadon abin da yake haɗe da shi. Bambancin bai wuce 'yan kaso a cikin miliyan ba, amma na'urar tana rarrabewa. Babu allura, babu yanka, babu hasken da ake amfani da shi wajen hoton ƙashi.

Mintocin farko sun tafi ne a ɗaukar hoton ƙafar, da ƙara mai kama da daka a turmin ƙarfe, sannan a daidaita maganaɗisun don ya zama bai-ɗaya a duk faɗin tsokar. An gargaɗe ni cewa ko ɗan yatsa na motsa za a sake daga farko. Da aka koma sauraren fosfaras sai ɗakin ya yi tsit, in ban da kukan famfon da ke sanyaya na'urar. Na yi minti biyu ina hutawa ana ɗaukar ma'auni, sannan wata ƙararrawa ta fara kaɗawa bayan kowace daƙiƙa biyu, kuma duk lokacin da ta kaɗa sai in taka matakin in saki.

Takun farko ba su da nauyi ko kaɗan. Kafin minti guda ya cika, baƙon da na sani tun daga gonar Baba ya iso: sha-raɓar ta fara nauyi, sannan wani zafi mai tsami ya bi ta, sannan na ji tana shirin dunƙulewa. An riga an gaya mini cewa da zarar na ji haka in tsaya, kada in yi jarumta. Duk da haka sai da na ƙara taku uku ko huɗu, domin shekara ashirin na koyar da kaina cewa tsayawa abin kunya ne. Da na matsa ƙwallon roba sai na ji gumi ya karyo mini, ina tunanin na ɓata wa mutane aikinsu. Muryar likitar ta shigo ta cikin abin toshe kunne, ta ce na tsaya a daidai wurin da suke so, yanzu kuma ɓangare mafi muhimmanci ya zo: in kwanta kamar gawa, kada in miƙe ƙafar, kada in murza ta. Na yi wajen minti shida a haka, tsokar tana zogi, ina jan salati a zuci.

Bayan na fito na sha ruwa, suka zaunar da ni a gaban kwamfuta. Abin da ke allon ba hoto ba ne, layi ne guda mai tudu-tudu. Tudu mafi tsawo shi ne na fosfokiriyatin. A hagunsa akwai ɗan ƙaramin tudu na fosfat ɗin da ke zaune shi kaɗai bai haɗu da komai ba. A damansa kuma tudu uku ne a jere, dukansu na ATP, domin kowace ƙwayar ATP tana ɗauke da fosfaras uku, kowanne da muryarsa. ATP shi ne abin da tsoka take kashewa kai tsaye duk lokacin da ta motsa, kuma wanda yake ajiye a cikinta, kimanin milimol 8 a kowace lita ta ruwan tsoka, ba zai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba idan aiki ya yi tsanani. Fosfokiriyatin, wanda ya ninka shi kusan sau huɗu, shi ne mai tare masa: da zarar ATP ya saki fosfat guda ya ba da ƙarfi, sai fosfokiriyatin ya miƙa nasa a mayar da ATP yadda yake, kuma mai yin wannan miƙo shi ne kiriyatin kainas ɗin nan da aka ga ya cika mini jini. Da yake an ɗauki ma'auni bayan kowace 'yan daƙiƙoƙi, sai suka jera layukan suka kunna mini su kamar majigi. Na ga dogon tudun yana rushewa, ƙaramin tudun fosfat yana tashi daidai gwargwadon abin da wancan ya rasa, tudu ukun ATP kuma kusan suna nan yadda suke. Sai suka ɗora layin wani mai cikakkiyar lafiya da ya taka irin nauyin da na taka. Nasa tudun ya ɗan sauka ya tsaya. Nawa ya zube ƙasa cikin abin da bai kai minti biyu ba.

Amma ba nan hujjar take ba, inji mai binciken. Ya ce in daina kallon tsawon ƙaramin tudun, in kalli wurin da yake tsaye. Tazarar da ke tsakanin tudun fosfat da na fosfokiriyatin tana sauyawa gwargwadon tsamin da ke cikin tsoka, kuma da ita ake lissafa ma'aunin pH, wanda na saba aunawa a ƙasar gona, mai sauka idan tsami ya ƙaru. Tsokar da ke hutawa tana kusa da 7. Idan mai lafiya ya fara aiki, ma'aunin yakan ɗan haura a daƙiƙoƙin farko, domin rushewar fosfokiriyatin tana shanye tsami. Daga nan sai tsokar ta buɗe ajiyarta ta sukari, wato gilaikojin, ta fara farfasa shi, laktet, wato abin da farfasa sukarin yake bari, ya taru, tsami ya ƙaru, ƙaramin tudun ya matso kusa da babban, har ma'aunin ya kai wajen 6.5 idan aikin ya yi nauyi. Nawa ya haura a farko kamar na kowa, ya tsaya a can bai sauko ba. Tsokata tana ihun ciwo, amma ko ɗigon tsami bai ƙaru a cikinta ba, domin sinadarin da ke buɗe ajiyar sukarin, wanda ake kira mayofosforilas, ba ya aiki a jikina. A mintocin hutun kuma sun auna saurin da dogon tudun ya sake ginuwa, aikin da maitokondiriya, wato 'yan murhunan da ke cikin tsoka, suke yi da iskar da mutum yake shaƙa. Ga mai lafiya kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya zube yakan dawo cikin kimanin rabin minti. Nawa ya yi jinkiri, tunda murhun ba ya samun isasshen itace.

Wannan alama tana da tarihi. A 1951 wani likita mai suna Brian McArdle, a asibitin Guy's da ke Landan, ya bayyana wani majinyaci da tsokarsa ke sandarewa in ya yi aiki, amma laktet ba ya ƙaruwa a jininsa, kuma da sunansa ake kiran cutar har yau. A 1974 masana a Oksfod suka fara jin amsar fosfaras daga cikakkiyar tsokar ɓera, a 1981 kuma ayarin George Radda a can Oksfod ɗin ya sa hannun wani majinyaci a cikin maganaɗisu ya nuna cewa tsamin tsokarsa ba ya ƙaruwa lokacin aiki. Cutarsa ita ce ta McArdle, kuma wannan yana cikin karo na farko da aka yi amfani da hanyar a kan mara lafiya. A ganina darajar gwajin tana nan ne: idan aka yanki tsoka aka kai ɗakin bincike, abin da ke cikinta a daƙiƙa guda kawai za a gani, amma wannan yana nuna ta da ranta, tana aiki, tana gajiya, tana farfaɗowa. Sai dai ba kowace na'urar MRI take iya shi ba, domin yana buƙatar faifai da kayan rediyo na musamman da kuma gwanayen fassara layin, kuma ba shi ne ya yanke hukunci na ƙarshe a kaina ba. Gwajin jinin ne ya tabbatar da matsala a ƙwayar gado mai suna PYGM, a kan kuromosom na 11.

Daga nan sauran abubuwan suka warware mini. Hanta tana da nata mabuɗin dabam, wanda cutar ba ta taɓawa, don haka idan na fara aiki a hankali na ba jini minti shida zuwa goma ya kawo wa tsoka sukari daga hanta da kuma kitse, sai ƙarfi ya dawo. Zaman da nake yi a gindin tsamiya ke nan. Jan fitsarin ranar buhunan gero kuwa jan sinadarin da ke cikin tsoka ne ya kwararo cikin jini bayan ta farfashe, abin da kan iya tsayar da ƙoda, kuma ƙarin ruwan da aka yi mini ya taimaka ƙwarai. An hore ni da yawan tafiya da ƙafa, da fara kowane motsi sannu a hankali, da guje wa ɗaga kaya mai nauyi ko daɗewa a tsugune.

Na dawo Daura ana tsakiyar damina. Bayan sallar isha'i na sami Baba a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa takardar layin a gabansa ina haska masa da fitilar waya. Na yi masa bayani cewa ATP kamar tuwon da ke cikin akushi ne, fosfokiriyatin kamar garin da ke cikin ƙwarya, gilaikojin kuma hatsin da ke rumbu. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wato rumbunka cike yake, tsanin hawa ne babu?"

"Haka ne, Baba. Sai dai in jira a kawo mini daga wani gidan."

Na faɗa masa, cikin ladabi gwargwadon iyawata, cewa ana gadon cutar ne kamar yadda ake gadon sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita ba tare da sun sani ba, kuma kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita. Shi da Inna 'ya'yan wa da ƙani ne, bai buƙaci in ƙara komai ba. Ya yi shiru har na ji motsin Inna a bayan ƙofar zaure. Can sai ya ce, "Allah ya yafe mana, mun ɗora maka sunan da ba naka ba." Bai tsaya nan ba, ya ɗaga murya ya ce a kira masa auta.

Autanmu yana da shekara goma sha uku, kuma tun ina Ingila nake jin ana cewa ya gado ni wajen ragwanci. Ya shigo ya tsuguna yana sunkuyar da kai. Na yi masa tambayar da likitar nan ta yi mini, kalma da kalma, ko ƙarfinsa yakan dawo idan ya huta kaɗan ya ci gaba a hankali. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, wa ya gaya maka?"

Washegari da sassafe muka kama hanyar tasha mu uku, domin mu shiga motar Katsina a ɗebi jininsa a auna kiriyatin kainas. Baba mai saurin tafiya ne, duk unguwa an san shi da haka. Ranar ya sa mu a gaba, ya bi mu a baya da sandarsa, kuma da muka kai kwanar farko ya ga yaron ya fara jan ƙafa, sai ya ce mu tsaya a inuwar masallaci mu huta tukuna, mota ba za ta ƙare ba.